Ɗaurin Talala a Ɗakin Kwanan Jami'a

Kawuna manomin riɗi ne a wani ƙauye na ƙasar Gwaram. Bai taɓa zama a ajin boko ba, amma shi ya yi mini tambayar da har yau ban ji wani mai digiri ya amsa ta ba. Ya miƙo mini wata takarda mai hatimin jami'a wadda 'yarsa ta zo da ita hutu, ya ce in karanta in fassara masa. Takardar ta ce an sami yarinyar da laifin karya dokar ɗakin kwanan ɗalibai, an sanya ta zaman gwaji, kuma duk ranar da ta sake aikata wani abu da hukuma ta ɗauka rashin ɗa'a ne, za a karɓe gadonta ba tare da wani gargaɗi ba. Ya yi shiru yana kallon ƙasa, can ya ɗago ya ce, "To, ɗan nan, wa ya yi shari'ar? Kuma yaushe gwajin zai ƙare?" Na sake juya takardar ciki da bai. Babu sunan wanda ya saurare ta, babu ranar cikar wa'adi. Na ce, "Kawu, ba su rubuta ba." Ya ce, "Ashe ɗaurin talala ne."

Wannan suna da Kawu ya raɗa wa abin shi zan riƙe, domin ya fi sunan da ke kan takardar faɗin gaskiya. Talala ita ce doguwar igiyar da ake ɗaure dabba da ita a bakin gona, ta yi ta kiwo tana zaton a sake take, sai ta miƙa wuya kaɗan ta tuna da turke. Ba zan ambaci sunan jami'ar ba, don ba da ita kaɗai nake ba. Da ɗabi'ar nake, kuma ɗabi'ar ta bazu. Abin da na tsaya a kansa shi ne, dokar gwaji yadda na ga ana zartar da ita a ɗakunan kwanan ɗalibai zalunci ce da aka naɗa wa rawanin tarbiyya, kuma 'ya'yan talakawan karkara irin na Birnin Kudu da Gwaram, musamman mata, su ne ke biyan kuɗin rawanin.

Ga laifin yarinyar, kada mai karatu ya zaci ina ɓoye shi. Tana aji biyu ta yi sa'ar samun gurbin gado. Wata ƙawarta daga wajen Fagam, wadda suka yi sakandare tare, ba ta samu ba, kuma ba ta san kowa ba a garin. Sai 'yar kawuna ta yi abin da uwarta ta koya mata tun tana goye: ta matsa gefe, suka raba katifa. A ƙarƙashin gadon kuma akwai ƙaramin risho na lantarki da suke dafa taliya da shi. Wani dare aka zo bincike, aka tarar da baƙuwar, aka tarar da rishon. Duka biyun laifi ne a littafin dokokin ɗalibai, ta kuwa sa hannu a kan littafin ranar da aka ba ta makulli. Ban ce ba ta karya doka ba. Washegari aka kira ta ofis, aka miƙa mata takardar alkawarin kyakkyawan hali da aka riga aka buga, aka nuna mata inda za ta sa hannu. Ta ce mini, "Yaya, ko zama ba a ce in yi ba."

Bahaushe ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya haifi kwanan cunkoso a jami'a? Kowace shekara ana ɗaukar ɗalibai ninkin-ba-ninkin gadajen da ake da su, hukumar da ta buga takardun shiga kuwa ita ce ta san adadin gadajen. Jihar Jigawa da aka ƙirƙira a 1991 ta shafe shekara 20 ba ta da jami'a, sai a 2011 aka kafa ta tarayya a Dutse, a 2013 aka kafa ta jiha a Kafin Hausa. Ƙofa ta buɗe wa yaran da a da sai dai su yi ta zaryar neman gurbi a Kano ko Zariya ko Maiduguri, wannan kuwa alheri ne babba. Amma a duk faɗin Nijeriya lissafi ɗaya ne: ɗalibai suna ƙaruwa da gudun doki, ɗakunan kwana suna binsu da tafiyar hawainiya. Wanda ya tara baƙi ɗari ya shimfiɗa tabarma ta mutum ashirin, ba shi da bakin tuhumar waɗanda suka matsa wa juna wuri.

Batun risho ma haka yake. Iyayenmu da suka yi jami'a a shekarun 1970 ba su san dafa abinci a ɗaki ba, domin akwai ɗakin cin abinci mai rangwame, da tikiti ake shiga. Ƙarin kwabo 50 da aka yi a kuɗin abincin yini na cikin abin da ya tayar da boren ɗalibai na 1978, wanda aka fi sani da sunan kwamishinan ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali. A tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai, aka bar su da masu sayar da abinci. Ciyarwa ta tafi, dokar hana girki ta zauna. Yarinyar da ta taho daga Gwaram da ƙullin garin masara da kuka da daddawa da 'yar gyaɗa, domin uban ba shi da kuɗin da zai ba ta ta riƙa sayen kwano uku kullum, a ina ake so ta dafa? Inda aka gina ɗakin girki mai wuta da ruwa, a hana risho a ɗaki, ni ma zan sa hannu. Inda ba a gina ba, dokar ba ta hana girki, sai dai ta mai da kowa mai laifi, ta bar wa mai bincike zaɓin wanda zai kama.

Nan ne gizo ke saƙar. Dokar da kowa ke karyawa makami ce a hannun mai zartar da ita. Duk wanda ya yi zaman ɗakin kwanan jami'a ya san ana cinikin gado a ɓoye, mai kuɗi ya saya daga hannun wanda ya samu, ya kwana da sunan wani har ƙarshen shekara. Wannan ma laifi ne a littafi, amma da wuya ya fito fili, domin mai saye da mai sayarwa duk sun amfana, gado ɗaya mutum ɗaya, lissafin mai bincike ya cika. Wadda ta raba katifarta don Allah ita ce ake gani, domin kawuna biyu ne a kan matashi ɗaya. Wato tsarin ya fi iya kama mai tausayi fiye da mai ciniki.

Sai tambayar Kawu ta farko: wa ya yi shari'ar? Jin ta bakin wanda ake tuhuma ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo mana. Duk almajirin da ya zauna tafsiri ya ji labarin masu husuma biyu da suka haura wa Annabi Dawud, alaihis salam, ɗaya mai tumaki casa'in da tara, ɗaya mai tunkiya guda, kuma malaman tafsiri da dama sun fitar da darasin cewa ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya ko da kukan mai ƙara ya ratsa zuciya. Irin wannan wasiyya aka yi wa Sayyidina Aliyu da za a aike shi alƙalanci Yaman. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Kano ya zauna ya rubuta Liya'ul Hukkami domin mutanen Kano su san yadda ake mulki da shari'a, ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram kuwa ta daɗe a ƙarƙashin Kano kafin ta koma masarautar Dutse. Ko a ƙofar dagaci, in aka kai ƙarar shanu sun yi ɓarna a gona, sai an kira makiyayin ya faɗi nasa. Abin kunya ne a ce ƙofar dagaci ta fi ofishin jami'a sanin wannan ƙa'ida.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum haƙƙin a saurare shi cikin adalci, kuma kotu ta daɗe da shigar da wannan haƙƙi harabar jami'a. A watan Fabrairun 1983 aka yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka yi ƙone-ƙone da ɓarna. Hukuma ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mataimakin shugaban jami'ar, wanda shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa, aka kori ɗalibai. Suka je kotu. A 1986 Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka sani da Garba da Jami'ar Maiduguri, ta soke korar, ta ce ba a ba su damar kare kansu yadda ya kamata ba, kuma wanda aka yi wa laifi ba ya zama alƙali a kan laifin. A lura, waɗancan ɗalibai da ƙone-ƙone aka tuhume su, amma kotu ta ce ko su sai an saurare su. To ina ga mai rishon taliya? A ɗakin kwana kuwa, sau da yawa wanda ya kama shi ne mai rubuta rahoto, shi ne shaida, kuma rahotonsa shi ne hukuncin, sai dai wani ya sa hannu a ƙasa.

Na san amsar da lauyan jami'a zai bayar, kuma ba amsar banza ba ce. Zai ce ba a kore ta daga karatu ba, gargaɗi kawai aka yi mata. Zai ce gado gata ne da jami'a ke bayarwa bisa sharaɗi, ba haƙƙin kowa ba ne. Zai kawo shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba ta 2004, inda Kotun Ƙoli ta amince jami'a tana da ikon dakatar da ɗalibi yayin da ake bincike. Na yarda da ikon. Amma dakatarwar da ake yi don a bincika daban take da gwajin da ake yi don kada a bincika. Ta farko tana jiran zaman sauraro. Na biyu yana maye gurbin zaman, kuma yana share hanya ta yadda hukunci na gaba ma ba zai buƙaci zama ba, tunda yarinya ta riga ta sa hannu cewa ta yarda a karɓe gadonta ba tare da gargaɗi ba. An raba hukunci ɗaya gida biyu: a rabin farko a ce ai bai kai a yi shari'a ba, a rabi na biyu a ce ai an riga an yi.

Maganar cewa gado gata ne kuwa, wanda ya faɗe ta bai san Gwaram ba. Ga ɗan babban ma'aikaci da gidansu ke cikin garin da jami'a take, rasa gado ƙaramar wahala ce, zai riƙa zuwa daga gida, wataƙila ma ya fi jin daɗi. Ga 'yar kawuna, gadon nan shi ne jami'ar. Sai da aka yi wata guda ana kai gwauro ana kai mari kafin Kawu ya yarda ta tafi. An sa malamin garin ya yi magana, an sa mahaifiyata ta je ta roƙi ɗan'uwanta. Da ya yarda, sharaɗi ɗaya ya kafa: a cikin makaranta za ta kwana, inda akwai katanga da mai gadi da matar da ke kula da su. Ba zai biya wa 'yarsa budurwa ɗakin haya a unguwar da bai san kowa ba, ko da yana da kuɗin, balle ba shi da su. Kada wani ya kira wannan duhun kai. A watan Satumbar 2023 'yan bindiga suka shiga gidajen hayar ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka kwashi ɗalibai mata. A watan Oktoba na shekarar aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke zaune a wajen makaranta. Kawu yana da rediyo. Hukumar da ta ce wa yarinya ta fita ta nemi ɗaki a gari ta san inda take tura ta.

Akwai wata kalma da ɗalibai ke tsoro, rastikeshan, wato korar wucin gadi. Asalinta daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin ƙauye, domin a tsofaffin jami'o'in Ingila irin su Okusfod, ɗalibin da ya yi laifi akan tura shi karkara ya huce. Can ɗan masu hali ne ake aikawa gidan gonar ubansa na 'yan watanni, ya dawo ya ci gaba. A nan kalmar ta koma ma'anarta ta asali tsirara. Wadda aka tura ƙauye, sai ta hau motar Birnin Kudu, ta sauya ta Gwaram, ta ƙarasa a kan babur, kuma kafin watannin su cika masu neman aure sun fara sallama.

Tambayar Kawu ta biyu ita ce ta fi ci mini rai: yaushe gwajin zai ƙare? Ko ɓarawon da alƙali ya ɗaure ya san ranar fitarsa, yana ƙirga ta a bango. Tsarin mulkin nan ya ce ba a hukunta mutum da laifi sai laifin yana rubuce a doka an kuma faɗi hukuncinsa. Na san an yi wannan ne don manyan laifuffuka a gaban kotu, amma hikimar da ke cikinsa ba ta tsaya a ƙofar kotu ba. Mece ce rashin ɗa'a? Ɗaga murya? Shanya a baranda? Dawowa bayan an rufe ƙofa saboda malami ya ja darasi har dare? Kallon da mai gadi bai ji daɗinsa ba? Kalmar da ba ta da iyaka, in aka haɗa ta da wa'adin da ba shi da ƙarshe, sai ta haifi mutum mai barci da ido ɗaya. Kuma mai karatu ya san abin da ke faruwa idan makomar budurwa ta rataya a kan alƙalamin mutum guda wanda babu mai tambayarsa hujja. Ban ce an nemi 'yar kawuna da wani abu ba. Na ce tsarin ya bar ƙofar a buɗe, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda igiyar ta ja wuyanta kuwa, ga shi. Cikin zafin bazara ruwa ya ɗauke a ɗakin kwanansu kwana da kwanaki. 'Yan mata suna bin rijiyoyin burtsatse da bokiti, banɗaki ya gagari shiga. Wata safiya suka taru a bakin ofishin ɗakin suna neman a kawo tankar ruwa. Babu wanda ya fasa ko gilashi. Aka rubuta sunaye. Waɗanda ba su da tabo aka ja musu kunne, aka sallame su. Ita kuwa mai takarda a fayil, sai aka ce ta karya alkawari, ta shiga taron da ba a ba da izini ba, aka ba ta kwanaki ta kwashe kayanta. Tankar ta zo da yammacin ranar, abin da ya nuna kukan nasu a kan gaskiya yake. To wane hali aka gyara? Darasin da sauran 'yan ɗakin suka ɗauka shi ne kada ka taimaki wanda ya rasa wurin kwana, kada kuma ka buɗe baki in an hana ka ruwa. Irin waɗannan ne za mu ba digiri, gobe mu naɗa su alƙalai da likitoci da sakatarorin ƙananan hukumomi, sannan mu zauna muna mamakin yadda ma'aikaci ke ganin ɓarna ya kau da kai.

Tarihi ya riga ya nuna mana inda taurin kai a kan dokar ɗakin kwana ke iya kaiwa. A 1986 ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe a 1978, jerin gwanon ya ratsa ɗakin kwanan mata na Amina, inda doka ta hana maza shiga. Hukumar jami'a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi ta hukunta shugabannin ƙungiyar ɗalibai, ɗalibai suka tayar, aka kira 'yan sanda. Ranar 23 ga Mayu aka yi harbi a Samaru, rayuka suka salwanta, cikinsu har da ɗaliba Farida Mustapha, wutar kuma ta bazu zuwa sauran jami'o'in ƙasar. Dokar hana maza shiga ɗakin mata doka ce mai kyau, kowane uba zai so ta. Amma aka riƙe ta da hannun ƙarfe a lokacin da ake buƙatar kunne.

Kada a ɗauka ina kiran a sakar wa ɗalibai linzami. Wayar lantarki da ta tsufa tana kama wuta, kuma gobara a ɗakin da aka cunkusa mutum goma masifa ce da ba a fata. Akwai masu shaye-shaye, akwai 'yan ƙungiyar asiri, akwai ɓarayin waya, akwai mai shigo da baƙon da ba ɗalibi ba. Iyaye sun ba jami'a amana, kuma wanda aka ba amanar 'ya'yan mutane dole ya riƙe sanda. Mu mutanen Birnin Kudu ba a koya mana darajar makarantar kwana, garinmu da ita aka san shi. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye manyan mutane, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote, kuma babu tsohon ɗalibin makarantar kwana da zai ce maka an rene shi da lallashi. Ni ma a makarantar kwana na tashi, na yi yankan ciyawa, na yi wankin banɗaki, wani lokacin a kan laifin da ban yi ba. Sai dai horon can yana da wata daraja guda da wannan ya rasa: yana ƙarewa. In ka gama yanke filinka rana ta faɗi, ka biya bashinka, gobe kai da kowa ɗaya ne. Kuma can yara ne 'yan shekara goma sha. Ɗalibin jami'a mutum ne da ya isa jefa ƙuri'a tun yana shekara 18, wasu a cikinsu matan aure ne masu goyo, wasu magidanta, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2018 ɗan shekara 25 yana iya zama ɗan majalisar jiha ya yi wa jami'ar kanta doka.

Amurka ma ta bi ta wannan hanya. Jami'o'inta sun daɗe suna cewa su a matsayin iyaye suke, uba kuwa ba ya kafa kotu kafin ya hori ɗansa. A 1960 wata kwalejin jiha a Alabama ta kori ɗalibai baƙaƙen fata saboda sun shiga zaman dirshan na neman 'yanci, ba tare da an saurare su ba. A 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce makarantar gwamnati ba ta da wannan iko, sai ta sanar da ɗalibi tuhumarsa ta kuma ba shi damar magana. Ni ban ma ƙi jami'a ta kira kanta uwa ba. In uwa ce, ta yi irin ta uwa. Uwa takan yi faɗa, takan yi duka, amma ban taɓa ganin wadda ta fitar da 'yarta waje da dare don ta ba ƙawarta wurin kwana ba. Ba daidai ba ne hukuma ta ari ikon uwa wajen hukunci, in aka zo wajen tausayi kuma ta koma mai gidan haya tana nuna yarjejeniya.

Abin da nake nema bai kai kuɗin fentin ƙofar jami'a ba. A rubuta wa ɗalibi tuhumarsa, a ba shi kwanaki ya shirya, a zaunar da shi gaban mutanen da ba su suka kama shi ba, a cikinsu a sami ɗalibi ɗan'uwansa, in mace ce a sami mace. A rubuta ranar da gwaji zai fara da ranar da zai ƙare, kada ya wuce zangon karatu ɗaya, in ya ƙare lafiya a cire takardar daga fayil a yaga. A bambanta mai wuƙa da mai risho. Kuma laifi na biyu ya zama irin na farko kafin a ce an karya alkawari, domin wadda aka kama da girki ba ta yi alkawarin daina jin ƙishirwa ba. Raba ɗalibi da gadonsa kuwa a ɗauke shi a matsayin abin da yake, wato rabin kora, kada a yi shi sai ga wanda zamansa haɗari ne ga sauran, kuma kada a yi shi a tsakiyar zango. Baƙuwar katifa, in ɗaliba ce mai rajista, a rubuta sunanta a san da ita. Ai gara hukuma ta san mutum nawa ke kwana a ɗaki, ko don ranar gobara, da ta riƙe littafin da ya ce huɗu alhali takwas ne.

Mu ma na gida akwai namu kason. Ƙungiyoyin ɗaliban Birnin Kudu da na Gwaram da ke jami'o'i sun iya shirya walimar yaye ɗalibai da raba kalanda mai hoton manya, amma da aka ba 'yar kawuna kwanaki ta kwashe kaya, ba ta san ƙofar da za ta buga ba. Masu hannu da shunin ƙasarmu da ke gasar gina gidajen mai a bakin titi, da ɗayansu zai gina wa 'yan mata ɗakin kwana a wata jami'a ya sa sunan mahaifiyarsa, da ya san abin da ake kira sadaka mai gudana. Asusun TETFund yana gine-gine a manyan makarantu, bashin karatu na NELFUND ya fara aiki a 2024, amma bashin da zai biya wa yarinya kuɗin rajista ba zai sa ubanta ya yarda ta kwana a gidan haya ba.

Na rubuta mata takardar ɗaukaka ƙara da hannuna, na kai ofishin kula da harkokin ɗalibai, aka buga mini hatimin karɓa. Na koma sau uku. A na ƙarshe magatakardan ya ce kwamitin bai zauna ba tukuna, kuma ko ya zauna an riga an ba wata gadon. Ta jingine karatun shekara guda, tana koyar da yara a Islamiyyar garinsu. Ƙawar tata ta Fagam, da yake sunanta bai taɓa shiga littafin ɗakin ba, babu abin da ya same ta, tana aji uku yanzu, tana raba katifa da wata.

Bana riɗi ya yi kyau. Kawu ya kai nasa kasuwar Sara ya sayar, kuɗin suna nan ɗaure. Ƙanwar yarinyar tana ajin ƙarshe a sakandare, ita ce ta ɗaya a ajinsu, malamanta sun aiko a saya mata fom ɗin JAMB kafin a rufe. Da na je gaishe shi ranar Juma'ar da ta wuce na tayar da maganar. Ya ce, "Ɗan nan, bari mu ga yadda aka yi da yayarta tukuna."